Tambaya da Amsa: Ina so in fara sana'ar dambun nama, ga goyo a bayana

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya iyali? Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana biyu. Babban shekararsa uku, ƙaramar watanta takwas, tana kan nono. Na gama NCE amma aiki bai samu ba. Maigidana malamin makaranta ne, kuma tun da aka cire tallafin mai albashinsa ba ya kai mu ƙarshen wata. Duk wanda ya ci dambun naman da na yi sai ya ce me ya hana ni sayarwa. Wata mai kamawa zan kwashi adashi, naira 150,000. Ina tunanin in haɗa dambu da samosa da cincin da zoɓo da kunun aya, yadda duk abin da mutum ya nema zai samu a wurina. Maigida ya amince, sai dai ya ce kada ya ga yara sun tagayyara ko abincin gida ya riƙa makara. Ta ina zan fara? Tsorona kada kuɗin su narke ban ga abin da na yi da su ba.

Uwar biyu, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki yaran nan, ya sa albarka a abin da za ki kwasa.

A cikin abubuwa biyar ɗin da kika lissafa, ki ajiye huɗu, ki riƙe dambun. Na san abin da ya sa kike son haɗa su duka, kina ganin kamar duk wanda ya tambayi abu kika ce babu, kuɗi ne suka wuce ki. Amma ki duba halin kowanne. Kunun aya idan kika haɗa shi da safe babu wuta, kafin la'asar ya fara tsami, kuma ke kin fi ni sanin yadda wutar unguwarku take. Zoɓo sai da ƙanƙara. Samosa da zafinta ake son ta, mai oda ita za ta yanka miki lokaci, ta ce ƙarfe huɗu za a fara walima. To ranar da ƙaramar ta kwana da zazzaɓin haƙori, ƙarfe huɗun nan ba za ta jira ki ba, kuma wadda kika ɓata wa taro sau ɗaya ba ta dawowa, har ƙawayenta sai ta hana. Dambu kuwa, in dai ya soyu yadda ya kamata, yana zaune a robarsa makonni yana jiran mai saye. Mace mai goyo abin da ya fi yi mata ƙaranci ba jari ba ne, lokacin da take da iko da shi ne. Saboda haka kayan da za ki sayar su zama waɗanda ke za ki zaɓa musu ranar yi, ba mai saye ba.

Da wannan sana'ar na raini nawa yaran a nan Kano, kuma abin da ya riƙe ni shi ne rana ɗaya tak a mako ake hura wutar dambu. Ke Allah ya ma sauƙaƙa miki, mijinki malami ne, Asabar yana gida. Tunda ya kafa sharaɗin kada yara su tagayyara, ki zauna da shi cikin ladabi ki ce abin da kike nema a wurinsa ba kuɗi ba ne, wunin Asabar ne: ya riƙe babban, ya ɗauki ƙaramar in ta sha nono, ke kuma ki shiga madafi. Abincin ranar ki yi shi tun da sassafe, mai sauƙi. Sauran kwanakin shida aikinki amsa waya ne da miƙa kaya, wannan kuwa da yarinya a cinya ma ana yin sa.

Akwai magana ɗaya da ba na sassauta wa kowa a kanta. Ba a suyar dambu da goyo a baya. Yarinya mai wata takwas ta iya miƙo hannu ta gefen kafaɗarki, ta iya bankarewa ba zato, ga mai yana tafasa a gabanki. Nan da wata biyu za ta kama rarrafe sosai, shi kuma mai shekara uku babu abin da yake so irin ya leƙa ya ga me Mama take juyawa. Ƙofar madafi a rufe take har sai an sauke kasko kuma man ya huce a inda hannu ba ya kai. In da gawayi za ki yi, a tsakar gida, kada ki shigar da murhun cikin ɗaki ki rufe, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. In kuma, Allah ya kiyaye, ƙuna ta auku, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana kwarara kamar minti 20, sannan a tafi asibiti. Ban da fasa ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri ko manja.

Daka ita ce mai cin ƙarfi. In ta fi ƙarfinki, ki nemi babbar mace a unguwa ta zo ranar Asabar ta yi miki, ki biya ta ladanta a ranar. Kada ki yarda a kawo miki ƙaramar yarinya daga ƙauye da sunan 'yar aiki, ki ɗora mata rainon da ke kanki ya gagare ki. Ita ma 'yar wani ce, makaranta ya kamata a ce tana. Haka kuma in naki sun tasa, kada a wayi gari kin ɗora musu faranti. Iyayenmu mata sun yi ƙuli da man gyaɗa da fura daga cikin gida, yara suna kai musu talla, don ba su da wata hanyar isa ga mai saye. Ke kina da waya a hannu.

Yanzu batun kuɗin. Abu na farko da za ki saya, tun kafin nama, shi ne ƙaramin sikeli irin na madafi. Ga dalili. Ɗanyen nama kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, kuma aikin dambu gaba ɗaya korar ruwan nan ne. A wurina, kilo biyar na zallar tsoka bai cika ba ni abin da ya wuce kilo biyu na dambu ba. Yawancin masu farawa a nan suke faɗuwa: su ga dambu ya cika faranti ya yi tozo, su zuba a roba da ido, su sa farashin da suka ji wata tana sayarwa, ciniki yana ta tafiya, bayan wata biyu a nemi uwar kuɗi a rasa. Ki auna naman ɗanye, ki auna abin da ya fito, ki rubuta. Sannan ki lissafa komai: nama, man gyaɗa, albasa, attaruhu, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, ɗunƙule, gas ko gawayi, roba, takardar liƙawa, kuɗin mota zuwa kwata, ladan mai daka, datar da kike tallata kaya da ita, da ladan wuninki ke kanki. Wannan na ƙarshen shi mata suke mantawa, alhali ba kyauta kika tsaya a bakin wuta ba. In kin haɗa jimla sai ki raba da adadin robobin da suka fito, ki ɗora riba. In farashin ya fito sama da na wata, kada ki razana ki rage. Ki ƙara ƙaramar roba wadda ɗalibi zai iya saye, amma awon giram ɗin ya tsaya yadda lissafi ya nuna.

Kada ki buga farashi a jikin takardar roba. Tun daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man nan da kika ambata, abin da kika sayo yau ba lallai ki same shi haka mako mai zuwa ba. Duk suya da lissafinta.

Naira 150,000 ɗin nan kada ki zuba su duka a zubi ɗaya. Ni da zan raba miki, kashi uku zan yi. Kaso ɗaya na sikeli da kasko mai kauri da matsami da robobi masu murfi mai kamawa. Kaso ɗaya na suyar farko da ta biyu, kuma ta farkon kada ta wuce kilo uku na nama. Kaso na ukun ki ajiye shi a asusun banki na daban, wanda ba shi ake turo kuɗin cefane ba, ki manta da shi. Ranar da suya ta ƙone, ko direba ya ɓatar da kaya, shi zai tashe ki. Injin liƙe leda da firiza da buga kwali mai kyau duk su jira, riba ce za ta saye su.

Ki samu mahauci guda ɗaya ki riƙe. Ki ce masa tsokar cinya kike so, ba kitse ba jijiya, naman safiyar ranar, kuma a auna a gabanki ko a gaban maigida. Kitse shi yake sa dambu warin tsohon mai bayan 'yan kwanaki, jijiya kuma ba ta dakuwa. Tunda an yaba dambunki ba sai na koya miki haɗi ba, amma na sayarwa ya bambanta da na ci a gida ta wuri ɗaya: na gida gobe ya ƙare, na sayarwa zai yi mako biyu ko uku a jakar wani. Don haka ki bar naman ya dahu har ya shanye romonsa, ki daka shi da ɗuminsa, ki bi shi da hannu ki warware duk wani curi, domin curi a waje zai soyu amma cikinsa da danshi. Wuta kaɗan-kaɗan, hannu ba ya barin juyawa. Da farko za ki ga mai ya yi kumfa yana ƙara mai ƙarfi, ruwa ne yake fita. Can sai kumfar ta kwanta, ƙarar ta koma shiii a hankali, ludayi ya yi sauƙi a hannunki, silin naman ya rabu ɗai-ɗai yana zuba kamar yashi. In kika ɗebo kaɗan kika murza tsakanin yatsu ya yi ƙus-ƙus, ya yi. Ki tsane shi a matsami, ki danna da bayan ludayi man ya fita, ki baza a faranti mai faɗi ki rufa da tsumma mai tsabta. Kada ki kuskura ki zuba a roba sai ya huce sarai, ko da mai saye yana tsaye a ƙofa. Tururin da zai taru a ƙarƙashin murfi shi ne yake zama fumfuna. Kuma a ranar da aka dafa a ranar ake soyawa, ba a kwana da dafaffen nama babu firji.

Daga kowace suya ki ware ƙaramar roba ɗaya ki rubuta kwanan wata, ki ajiye a ɗaki, ki riƙa buɗawa kina shinshinawa kina ɗanɗanawa. Ita za ta gaya miki gaskiyar kwanakin da dambunki yake yi, da zafi da damina, sai ki faɗa wa masu saye abin da kika gani da idonki.

Kasuwa kuwa, Zariya gari ne na ɗalibai. Ga Samaru, ga Kongo, ga kwalejoji da makarantun kwana, ga ma'aikatan asibitin Shika masu kwana a wurin aiki. Uwar da za ta mayar da ɗanta makaranta tana neman abin da zai ɗora a kan garin kwaki ko shinkafa da mai. Ki san ranakun komawa makaranta bayan hutu, mijinki ya fi kowa sani, ki fara sanarwa a WhatsApp mako biyu kafin nan. Da azumi ana nemansa saboda sahur, da ƙaramar salla saboda baƙi, ga masu jego, ga kayan garar amare. Da babbar salla ciniki yakan ja baya tunda kowa da namansa, amma a nan wani aikin yake buɗewa: mata da yawa za su kawo miki naman layyarsu ki mayar musu dambu. Wannan ba ki sa jari ko sisi ba. Ladanki dai ki karɓa da kuɗi, kada a biya ki da naman layyar. In an fara nema daga Kaduna ko Abuja, ki kai tashar Kwangila, ki karɓi lambar direba ki tura wa mai kaya, kuɗin mota kuma a kan mai saye.

Oda babba sai da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi naman. Kaya ba sa barin gida sai kuɗi sun shiga asusunki kin gani da idonki, hoton rasit da aka turo ba kuɗi ba ne. Bashi kuma, waɗanda za su fara nema ba baƙi ba ne, 'yan'uwanki ne da dangin miji da ƙawaye, masu "ba ni biyu, anjima zan turo". Kunya za ta hana ki tambaya, su kuma su yi shiru. Abin da na ga yana aiki ba tare da an ɓata zumunci ba shi ne ki riga su: daga suyar farko ki cika 'yan ƙananan robobi ki aika wa surukarki da ƙannen miji da maƙwabta kyauta, ki rubuta shi a littafi a matsayin kuɗin talla. Bayan nan duk wadda ta nemi bashi ki ce, "Wallahi Yaya kuɗin mahauci ne a ciki, Asabar zan kai masa." Gaskiya kika faɗa, kuma babu mai jin haushin wannan.

Saura magana tsakaninki da maigida, ita ce kuma nake so ki yi tun kuɗin ba su zo ba. A shari'a dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma tana wuyan miji. Amma ke da kanki kin ce don gida kike son sana'ar, kuma taimakon miji mai ƙoƙari abu ne mai lada. Haɗarin shi ne taimakon da ba shi da iyaka: yau babu kuɗin burodi a ɗauka a na dambu, gobe kuɗin magani, jibi gas ya ƙare. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma jari ya tafi. Ku yanka tun yanzu cewa wata ukun farko ba a taɓa komai. Bayan nan, ƙarshen kowane wata ki fitar da riba, ki ce ga abin da zan sa a gida, ga abin da zai koma cikin sana'a. Ke ma kada ki ɗebi mai da ɗunƙulen gida ki yi dambun sayarwa, ki sayi naki daban. In ya ga kin tsare masa nasa, zai tsare miki naki.

In kin yi wata shida masu saye suna dawowa da kansu, ƙaramar kuma ta kusa yaye, sai ki ƙara abu na biyu. Ni yaji zan ce, ko dambun kaza, don su ma suna jira.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ina haɗa garin kunun yara, gero da dawa da waken suya da gyaɗa da dabino, kuma Alhamdulillahi ana saye. Na kai wani babban kanti sun ce sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Wata ta ce za ta ara min tata in buga a ledata. In karɓa?

Mai garin kunu, Jos

AMSA

Kada ki karɓa, 'yar'uwa. Lambar NAFDAC ta kaya ɗaya ce, daga wuri ɗaya, da sunan mai shi. Buga ta a wani kayan laifi ne da zai iya jawo a kwashe miki kaya a rufe wurin, ita ma mai aron ta shiga ciki. Ga kuma yaudarar uwar da ta ga lambar ta saki jiki.

Hanyar ba ta gagara ba, sai dai tana son haƙuri. Ki fara da rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, ana yi ta intanet. Sannan ki je ofishin NAFDAC na jiharku da ƙafarki ki ce ke ƙaramar mai sana'a ce, su ba ki jerin abin da ake bukata da kuɗin da za ki biya a hukumance, kada ki fara ta hannun ɗan tsakiya. Za su zo su duba inda kike aiki, kuma za su so su ga wuri ne da aka keɓe, ba inda ake tuwon gida yara suna shiga da fita ba. Za su nemi shaidar lafiyar masu taɓa abincin da ta feshin ƙwari, su ɗauki samfur su kai ɗakin gwaji, su duba takardar jikin leda: sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyi, adireshi, lambar zubi, ranar yi da ranar lalacewa. Tun yau ki fara rubuta waɗannan a ledarki, ko lamba ba ta fito ba.

Amma tunda abincin jarirai kike yi, akwai abin da ya fi lambar damuna. Gyaɗa da hatsin da suka sha danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afulatoksin. Suya ba ta kashe ta, niƙa ba ta kashe ta, tana lalata hanta tana kuma tauye girman yaro. A Kenya, a shekarar 2004, mutum 125 ne suka rasu sanadin masarar da ta kamu da ita. Ki baza gyaɗarki a faranti ki tsince ta da hannu: duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi, ta fashe ko ƙwaro ya huda, ki zubar, kada ki ba kaji ma. Kada arha ta ja ki ga ragowar ƙasan buhu. Hatsi da wake kuma ki shinshina kafin ki saya, domin wasu 'yan kasuwa suna adana su da maganin ƙwari na fiya-fiya. Irin maganin nan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. In kin wanke, ki shanya a kan tabarma ko tebur har ya bushe ƙarau, ba a ƙasa ba, kuma ki tsaya a kan mai inji ya share injinsa kafin ya zuba naki, don ba ki san abin da ya niƙa kafin ki zo ba.

A jikin ledar ki rubuta da manyan baƙaƙe cewa akwai gyaɗa da waken suya a ciki, saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarsu, kuma kunun na yaron da ya cika wata shida ne zuwa sama. Kafin nan nonon uwa kaɗai. In wata ta tambaye ki ko ta sa zuma, ki ce mata sai yaro ya shekara.